Motar da Ba Ta Ja da Baya

A gidan waya Malam Daidai ake kiransa, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan kanta ɗaya, yana auna wasiƙu a kan ƙaramin sikeli na tagulla, yana buga hatimi. In ya ɗora ambulan, sai ya sunkuya har idonsa ya yi saiti da allurar, ya jira ta daina rawa, sannan ya ce, "Daidai." In kuwa ta wuce da ƙiris, ko kai ka haife shi sai ka ƙara kan sarki. Hatiminsa bai taɓa karkacewa ba. Masu rarraba wasiƙu a wasu garuruwa sukan gane aikinsa tun kafin su karanta sunan ofishin.

Mutum irin wannan ba a zaton yana da abin ɓoyewa. Amma yana da guda ɗaya, shuɗiya, mai taya huɗu, tana kwana a ƙofar gidansa. Motarsa ba ta ja da baya.

Ga yadda abin ya samo asali. Surukinsa, mahaifin matarsa, tsohon direban babbar mota ne da ya yi shekara arba'in a kan hanya, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne ribas. An ce yakan shigar da mota mai tirela cikin lungu da baya, yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya. Shi da kansa yake faɗa, amma ba a taɓa samun wanda ya musa ba. Lokacin da Malam Daidai yake shirin sayen motar a hannun wani likita mai barin gari, tsohon ya zo ziyara. Ya sa aka tayar da ita, ya durƙusa ya kara kunne, ya miƙe ya ce giyabos ɗinta ya gaji, kada a saya. Malam Daidai ya ce to, Baba. Bai ce ya riga ya sa hannu a takarda tun shekaranjiya ba.

Wata biyu bayan haka, a ƙofar gidan waya, ya sa giyar baya, motar ta yi wani ƙara kamar an watsa cokula a tukunya. Daga ranar ta rufe wannan babi. Bakaniken unguwa ya kwance, ya duba, ya mayar, ya ce sai an aiko da wani ƙarfe daga ƙasar da aka ƙera ta. Aka rubuta, aka jira, ƙarfe bai zo ba.

A makon ne kuma lokacin wasiƙar da yake aika wa surukinsa duk wata ya yi. Ya rubuta lafiyar yara, ya rubuta labarin ruwan sama, sannan ya daɗe riƙe da alƙalami. A ƙarshe ya sa, "Mota tana tafiya lafiya." Ya lallashi kansa da cewa ba ƙarya ba ce, tunda gaba dai tana tafiya.

Da sannu ya koyi zama da ita. A wurin aiki yakan ajiye ta a kwana, hancinta yana kallon titi. Ya daina zuwa gidan duk wani aboki da ke ƙarshen lungu, har wasu suka ce mota ta sa masa girman kai. In kuwa abu ya ƙi, yana da ribas na hannu: 'yarsa ta fari, wadda kowa yake kira Yaya, da ƙannenta maza, Tagwaye. Sai ya juyo ya ce, "Ribas," su fita su dafa bakin mota su tura, matarsa, Maman Tagwaye, tana kallon wani gefe kamar ba ta san su ba.

Babbar jarrabawa ita ce dogon hutu. Duk shekara, da an rufe makaranta, sukan tafi gidan kakanni su yi mako biyu. Mil ɗari da tamanin da huɗu ne, kuma Malam Daidai ya zana kowane mil a wata doguwar takarda mai ninki takwas. Jan fensir yana nuna inda za a iya tsayawa a tashi ba tare da ja da baya ba. Baƙin fensir yana nuna inda ko Tagwaye za su fashe ba za a tsaya ba.

Bakwai saura kwata ake tashi. Kwanon wanka yana ɗaure a kan rufi, akwatuna a but, Yaya a tsakiyar kujerar baya don ta raba faɗa, gwiwarta kuma ita ce teburin kowa. Motar takan cika da ƙamshin dafaffen ƙwai da ɓawon lemo da fatar kujera da rana ta gasa. A mil arba'in da ɗaya akwai gidan mai mai ƙofa biyu. A mil casa'in akwai wata katuwar bishiya kusa da rafi, inda ake shimfiɗa tabarma a zuba shayi daga fulas, Tagwaye su yi gasar jifa a ruwa, ubansu ya buɗe bakin mota ta sha iska. Akwai wata kasuwar tukwane a mil ɗari da ashirin wadda Maman Tagwaye ta yi shekaru tana leƙe ta taga, amma baƙin fensir ne a kanta. Wata shekara hira ta ɗauke wa Malam Daidai hankali ya wuce mararraba, sai da suka yi mil goma sha ɗaya kafin su sami shataletalen juyowa. Yaran sun daɗe suna cewa ita ce tafiya mafi daɗi, domin sun ga jirgin ƙasa.

Saura mil huɗu a isa, sai a tsaya a bakin wata ƙaramar gada. A goge ƙurar mota, a goge fuskokin yara da tsumma ɗaya, sannan Malam Daidai ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"In Kaka ya tambaya, mota fa?"

"Tana tafiya lafiya," su amsa tare, kamar masu haddar lissafi.

Maman Tagwaye takan ce ita babu ruwanta, in ubanta ya tambaye ta ba za ta yi masa ƙarya ba. Ta san ba zai tambaya ba. Tun tana yarinya ta taɓa kiran lagireto tulu, daga nan ya daina hirar mota da ita.

A ƙofar gidan kakanni akwai tsohon mangwaro mai fili kewaye da shi. Malam Daidai yakan zagaye shi sau ɗaya a hankali, ya tsaya hancin mota yana kallon hanyar komawa. Yara su zubo, Iya, wato kakarsu mace, ta rungume Tagwaye tana cewa mazajenta sun rame, tsohon kuma ya zagaya motar yana buga tayoyi da sanda. Shekara huɗu aka yi haka, asiri a rufe.

A shekara ta biyar, suna shan kwana suka hangi tsohon tsaye a tsakiyar hanya da sabuwar hula, yana nuna hagu da hannu bibbiyu. An fasa katangar gaba an yi ƙofa. Bayan ƙofar ga wata rumfa mai rufin kwano, da bangon bulo ta gefe uku, an shafe ta da farar ƙasa. A bakinta an yi tudun siminti don kada ruwan sama ya shiga. Maƙwabta sun fito kallo.

Tsohon ya matso taga, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. Ya ce bara suna barcin rana ya auna motar da igiya, wata bakwai yana ginin nan da hannunsa, ya bar taƙin hannu biyu ta kowane gefe. Motar 'yarsa ta daina kwana a waje tsuntsaye suna yi mata kashi.

A nan ya kamata Malam Daidai ya yi magana, kuma ya sani. Ya dubi matarsa, ta dubi mangwaro. Ya dubi farar ƙasar da ta saura a farcen tsohon. Sai ya sauke iyali, ya sa giyar farko. Tayoyin gaba suka haye tudun, na baya suka bi, motar ta zauna a ciki dam. Ya ji kansa kamar wasiƙar da aka jefa a akwati, ta shiga, fitarta kuma sai mai mabuɗi.

Yara dai ba su taɓa hutu irin wannan ba. Ruwa yana sauka da yamma, rufin rumfar yana kiɗa, suna zaune cikin motar suna tafiye-tafiyen ƙarya. Da safe su bi kajin Iya da gudu, da rana su dawo daga rafi kamar an tono su. Ubansu ne kaɗai yake ramewa. Duk sanda tsohon ya ce a fito da mota a je gaida wane, sai ya ce ai ta sha hanya, a bar ta ta huta, tafiyar ƙasa ma tana da amfani ga jini. A kwana biyar ya taka garin nan kaf, takalminsa na ofis ya buɗe baki.

Ranar da tsohon ya tafi aski suka gwada sa'arsu. Maman Tagwaye ta riƙe sitiyari, shi da yara suka matsu tsakanin bango da bakin mota suka tura. Tayoyin baya suka taɓa tudun, suka hau rabi, suka yi shawara, suka dawo. Sau shida. A na bakwai Maman Tagwaye ta kifa kai a kan sitiyari tana dariya, ham ya yi ƙara, Iya ta leƙo, aka ce mata wasa ake yi.

Da yammar nan tsohon ya dawo da kai fes da kuma labari. Ya gayyaci abokansa uku, tsofaffin direbobi, su zo ranar Asabar da za a koma, su ga yadda zai fito da surukinsa da baya ta cikin taƙi biyu, da alamar hannu kawai, ba tare da fenti ya taɓa bango ba.

"Malam, ka gaya masa kawai," in ji Maman Tagwaye da suka shiga ɗaki. "Ubana ne fa, ba damisa ba."

Ya gwada sau biyu. Na farko ya buɗe baki sai ya ji kansa yana tambayar yadda damina ta kasance bara. Na biyu ya kai har "Baba, game da motar nan," tsohon ya ce ai ba sai ya yi godiya ba.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya zauna ya rubuta wasiƙa shafi biyu, ya liƙa kan sarki, ya taka zuwa akwatin bakin kasuwa ya jefa ta, da adireshin gidan da yake kwana a ciki. Ya san hanyarta kamar tafin hannunsa. Motar wasiƙu za ta kwashe ta ranar Litinin zuwa babban gari a rarraba, ta dawo da ita ranar Alhamis da hantsi. Idon tsohon ya yi rauni, malamin makarantar da ke maƙwabtaka ne yake karanta masa wasiƙu. Saboda haka ranar Alhamis shi Malam Daidai zai kwashi yara su yini a rafi, malami ya karanta, tsohon ya yi fushinsa ya huce, su dawo da la'asar a yi magana cikin mutunci.

Lissafin ya fita, sai abu biyu. Ranar Alhamis aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu mai zuwa rafi. Sannan ya manta cewa dogon hutu ba na yara ba ne kaɗai. Malamin makaranta ya kwashi nasa iyalin tun makon jiya ya tafi gidan nasu kakannin.

Suna zaune duka a baranda, Iya tana tsince wake, sai ga mai raba wasiƙu a kan keke, ya lulluɓe da leda. Tsohon ya karɓi ambulan ya jujjuya, ya miƙa wa surukinsa.

"Yau ga mai sana'ar a gida. Karanta mana, Malam."

Malam Daidai ya dubi ambulan. Abin da ya fara gani shi ne hatimin babban gari ya karkace, har a wannan hali sai da abin ya sosa masa rai. Ya san zai iya cewa gaisuwa ce daga wani tsohon abokin aiki, ba mai ganewa. To amma ƙin faɗin abu daban, karanta abin da ba shi ne a rubuce ba daban, wannan kuwa bai taɓa yi wa kowa ba a bayan kanta. Ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, ya fara daga kwanan wata.

"Daga wa?" in ji tsohon.

"Sunan yana ƙasa, Baba."

"To, mu je."

Ya karanta gaisuwa. Ya karanta na ɗaya, cewa an sayi motar ne bayan Baba ya hana. Na biyu, cewa abin da Baba ya ji a giyabos gaskiya ne, motar ba ta ja da baya. Na uku, cewa duk wasiƙun da aka ce tana tafiya lafiya, rabin labari ne. Na huɗu, cewa jikokin Baba ne suke tura ta in ta kama. Na biyar, cewa yanzu haka tana cikin rumfa, mai rubutu kuma bai san yadda za ta fito ba. Ya karanta sunansa cikakke, ya ninke takardar bisa ninkinta, ya tsaya.

Iya ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Tagwaye suka matsa bayan Yaya.

Da tsohon ya yi magana, ba ta inda ake tsammani ya ɓullo ba. Ya tambayi yadda suke yi a gadar nan mai hannu ɗaya in suka haɗu da babbar mota. Malam Daidai ya ce yakan tsaya a kan tudu ya jira har sai ya ga hanya fayau. Wurin binciken takardu fa, in aka ce ya koma gefe? Yakan koma gefen tun kafin a ce. Tsohon ya sa aka ɗauko doguwar takardar, aka karanta masa jan fensir da baƙi tun daga mil na ɗaya, yana gyaɗa kai, wani wuri ya ce a'a, bayan masaƙar nan akwai fili, an yi asarar wurin tsayawa.

"Shekara huɗu," in ji shi a ƙarshe.

"Da wata bakwai, Baba."

"Na san direbobin da ba za su yi kwana huɗu ba." Ya juyo ga surukinsa. "Amma Malam, daga ɗakinka zuwa nawa taku goma sha biyu ne. Wasiƙar nan ta yi mil tamanin."

Da Malam Daidai ya ga sama ba ta faɗo ba, sai ya kawo shawara. A nemo samari huɗu ranar Asabar da sassafe, su tura ta waje kafin baƙi su iso. A nan ne tsohon ya yi fushin da ake jira tun ɗazu. Ya ce shekara arba'in yana tuƙi ba a taɓa tura shi ba, ba kuma za a fara tura mota daga gidansa unguwa tana kallo ba, samari huɗu kuwa baki huɗu ne, kafin azahar abokansa sun ji. Gyara fa? Ya miƙa hannuwansa, suna ɗan rawa, ya mayar da su kan sanda. Ko da hannun yana nan, ƙarfen ba ya nan.

Ya tashi ya shiga rumfar, suka bi shi. Ya matsa ta gefen motar har ƙurya, ya ƙwanƙwasa bangon baya da sanda.

"Me ke bayan nan?"

"Kajina," in ji Iya, dariyar ta ɗauke.

Bayan kaji akwai igiyar shanya, bayan igiya akwai ƙofar kwano mai faɗi ta baya, inda amalanken itace yake shigowa daga lungu. Lungun kuwa yana fita titi.

Ranar Juma'a aka yi aikin. Malam Daidai ya ja layi a bango da alli da ma'auni, sannan ya karɓi guduma. Hannun da bai san abin da ya fi hatimi nauyi ba ya yi bororo kafin hantsi. Tsohon yana kan kujera yana ba da umarni a rushe ginin wata bakwai, bai ko ƙifta ido ba. Yara suna kwashe ɓaraguzai a kwanon wanka. Iya ta kwashe akurkinta tana faɗa da kowa, ta ce ita dai ta auri direba, 'yarta ta auri mai tambari, ga shi kaji ne suka biya.

Asabar da safe abokai uku suka iso, kowa da sandarsa, suka tarar da rumfa mai ƙofa gaba da baya. Tsohon ya yi musu bayani ba kunya ba tsoro. Ya ce haka ake ginin zamani, a shiga ta nan a fita ta can, ja da baya aikin wanda ba shi da fili ne. Wannan daga bakin mutumin da ya cika musu kunne da ribas tun suna samari. Biyu suka dubi juna. Na ukun ya zagaya ya duba, ya ce shi ma zai gaya wa ɗansa.

Motar ta fito tsakar gida a giyar farko. Iya ta ɗaga igiyar shanya da gora don kwanon wanka ya wuce, kaji suna ƙarƙashin kwando suna ƙorafi, Tagwaye sun leƙo ta taga ɗaya. Tsohon yana gaba yana tafiya da baya, yana kiran motar da yatsu, kaɗan hagu, kaɗan dama, har ta fita ƙofar kwano ta daidaita a lungu. Sannan ya zo taga ya sunkuyo, ya rage murya don kada abokansa su ji. Ya ce bakin da aka fasa yana bukatar ginshiƙi, badi a zo masa da siminti buhu biyu.

Malam Daidai ya ciro ƙaramin littafinsa ya ɗora a kan sitiyari. Ya ce jiya ya auna wurin, a ganinsa biyu ba za su isa ba, sai biyu da rabi.

"Tafi, Malam," in ji tsohon, ya buga rufin motar da tafin hannu. "Rana tana yi."